Rigar ekzo da aka ɗaura min a wajen aiki a Hamburg

Aikinmu huda silin ne in za'a faɗa a taƙaice. Kamfanin da nake wa aiki anan Hamburg wayarin suke yi a manyan gine gine, ofisoshi, makarantu, garejin motoci na ƙarƙashin ƙasa, kuma duk wayar da kaga ta bi ta sama a irin waɗannan wurare akan tire take kwance, tiren kuma rataye yake da sandunan ƙarfe, kowace sanda sai an huda kankare an buga mata anka, wato ƙarfen da ke kama kankare ya riƙe ta. Toh mu ne masu hudawar. Ka ɗaga inji sama da kanka, in ka haɗa da batir da abin zuƙar ƙura zai yi kilo huɗu ko fiye, ka danna shi sama har bakin ya ci ya shige, ka sauke, ka buga anka, ka matsa gaba kaɗan ka sake, haka tun ƙarfe bakwai na safe. Wanda bai taɓa yi ba zai ce kilo huɗu me ye a ciki. Ka ɗaga shi sama da kai ka riƙe minti ɗaya tukuna sai muyi magana.

Kafaɗata ta dama ce ta fara. Da farko sai na tashi daga aiki nake jinta, daga baya ta kai in na kwanta ta ɓangaren sai ta tashe ni tsakar dare, sa riga ma sai na fara zura hannun dama a hankali sannan na hagu ya biyo, har ɗaga hannu na kabbara sai naji wani abu ya ɗan soke ni a ciki. Likita yace jijiyoyin cikin kafaɗar ne ke matsewa tsakanin ƙashi da ƙashi duk lokacin da hannu ya wuce saitin kafaɗa, ya rubuta min gashi, wato fisiyo, naje anyi, naji sauƙi, na koma aiki ciwo ya dawo ya zauna inda yake. Ba ni kaɗai bane kuma, duk wanda ya daɗe a layin nan yana da nashi labarin kafaɗar, wasu har aiki akayi musu.

Ana nan sai matar da ke kula da kariyar ma'aikata a kamfanin tazo taron safe tace za'a kawo ekzo a gwada, wato exoskeleton, wani firam da ake ɗaurawa a jiki ya tallafa wa mutum wajen ɗaukar nauyi, wanda yake so ya rubuta sunanshi, wanda baya so ba dole. Ta ɗan yi mana bayani wanda ni dai ya burge ni, tace a tsarin Jamus ba'a fara da abin da za'a rataya wa mutum a jiki, akwai jeri da suke cewa TOP, na farko a nemi inji ko dabarar da zata ɗauke wahalar gaba ɗaya, in bai yiwu ba a sake tsarin aikin, wato a riƙa musanya mutane ana rage awanni, sai abu na ƙarshe shine wanda mutum zai saka. Kuma gaskiya injinan suna nan, kamfanin Hilti na ƙasar Liechtenstein ya fito da wani mutum-mutumi mai suna Jaibot a 2020 wanda shi da kanshi yake bin zanen gini yana huda silin, sai dai kamfaninmu ƙarami ne, ba mu kai nan ba. Akwai kuma sandar da ake kafawa a ƙasa a ɗora injin a kai a tura shi sama da hannu ɗaya, muna da ita muna amfani da ita, amma inda masu famfo da masu bututun iska suka riga mu cika wajen ba inda zaka kafa ta, dole ka hau ka zura hannu ta tsakani. Saboda irin waɗannan wuraren aka kawo maganar ekzo. Na rubuta sunana, mu kaɗan ne muka rubuta.

Kafin a ba ka sai ka ga likitan kamfani. Bai ɗau lokaci ba, ya tambaye ni ciwon baya, ko an taɓa min aiki a ciki ko ina da ƙaba tunda bel ne zai matse ƙugu, ko fatata na saurin yin ƙuraje, yasa na ɗaga hannu ta gaba ta gefe ya danna nan ya danna can. Abin da ya ja min kunne a kai shine wannan abu ba magani bane, yace in ka daina motsa jikin da masu gashi suka koya maka saboda an ba ka riga toh kai ka sani.

Ranar da aka kawo, wani bature ne daga kamfanin da ke yin su yazo da jakunkuna, muka taru a kwantenar da muke cin abinci. Ni a raina ina tsammanin wani ƙaton abu irin na fim, ƙarfe tun daga wuya har ƙafa da fitilu. Da ya zuge jaka sai naga ɗan abu ne ko kilo biyu bai cika ba, ka ɗauke shi da yatsa biyu. Bel ne mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu, daga bayan bel ɗin sanduna biyu sun tashi sama ta gefen gadon baya, kowace ta ƙare a wata gaɓa kusa da kafaɗa, daga gaɓar kuma wani ɗan hannu ya fito mai matashi a baki wanda damtsenka zai kwanta a ciki a ɗaure shi da maɗauri, sai igiyoyin kafaɗa irin na jakar goyo da ake haɗawa a ƙirji. Babu batir babu mota babu waya. Sifirin ne kawai a ciki da wata 'yar igiya, da wani ɗan maɓalli da ake murzawa a kowane gefe don ƙara ƙarfi ko ragewa.

Daidaita shi a jiki shine aikin, kuma nan ne mutumin ya fi ɓata lokaci. Ya laluba ƙashin ƙuguna da hannu yace nan bel zai zauna, akan ƙashi, ba akan tumbi ba, in ya hau ciki zaka ji numfashi na maka wuya in ya sauka ƙasa zai hana ka taka tsani. Sannan ya auna tsawon bayana ya ja sandunan har gaɓar tazo daidai da kafaɗa amma bata taɓa ta ba, sai da ya zura yatsunshi ta tsakani ya tabbatar akwai fili. Matashin hannun kuma yace tsakiyar damtse, kar ya matso hammata kar ya sauka gwiwar hannu. Duk lambobin da ya saita ya rubuta min a takarda ya liƙa a cikin hular kwanona, saboda in wani ya ara ya sauya in iya mayarwa.

Da ya saki makullin sai hannayena biyu suka tashi da kansu. Wallahi dariya ce ta ƙwace min, kowa ma dariya yake, ina tsaye hannu a buɗe ban ɗaga su ba. Yace toh yanzu mu nemo naka ƙarfin, ka miƙe hannu daidai kafaɗa ka saki jikinka gaba ɗaya, in hannun ya ci gaba da tashi sama ƙarfin yayi yawa, in ya faɗo da sauri yayi kaɗan, abin da ake so ya tsaya cak ko ya riƙa saukowa a hankali a hankali. Muka yi ta murzawa, na dama aka ɗan ƙara mai saboda shi ke riƙe inji. Wani yaro ɗan Romaniya da muke tare yace shi a murza mai har ƙarshe tunda kyauta ne, baturen ya murza mai ya ƙyale shi, kafin hutun ƙarfe tara ya dawo da kanshi yana cewa a rage, wai ko aljihunshi ya kasa kaiwa.

Dalili kuwa abin ba ƙarfi yake ƙara maka daga wani waje ba. Lokacin da kake sauke hannu kai ne kake danne sifirin ɗin, ya tara, in ka zo ɗagawa sai ya mayar maka, ya fi tallafa maka idan hannu na miƙe saitin kafaɗa wanda nan ne dama nauyi ya fi ci, in hannu ya sauka kusa da jiki sai tallafin ya ragu har ya kusa ɓacewa. Nauyin hannun da na injin kuma sandunan ne ke kai shi ƙasa su sauke akan ƙugu. Da yake wannan bayanin sai na tuna yadda mata ke goyo a gida, a ɗaure zane da majanyi yaro ya zauna akan ƙugu uwa tayi ta aikinta hannu biyu a sake, a rungume shi a hannu kuwa ko rabin awa ba zata yi ba. Yaron bai rage nauyi ba, wajen zamanshi aka sauya.

Kwanakin farko ba'a bari ka wuni da shi, awa ɗaya zuwa biyu ka cire, ana ƙarawa a hankali. Kuma gaskiya kwanakin nan ba daɗi. Komai na aikin da ka saba yi ba tunani sai ya zama sabo, zaka kai hannu jakar ƙugu ka ɗauko anka sai kaji abu na riƙe ka sai ka danna, ka sunkuya ɗaukar guduma sai sandunan su tokare ka, ka juya a kan dandamali sai gaɓar kafaɗa ta maƙale a bakin tire ta fizgo ka baya, domin faɗinka ya ƙaru da ɗan yatsu kaɗan ta kowane gefe kuma jikinka bai san da haka ba tukuna. Jakar kayan aikina ma sai da na sauya mata waje saboda bel biyu basa zama a ƙugu ɗaya, na koma sa ankoki a aljihun ƙirji. In zufa ta zo matashin hannu sai ya riƙa zamewa yana gangarowa gwiwa, ka matse shi kuma yatsu su fara tsami, sai da na gane riga mai dogon hannu wadda ta kama jiki ita ce maganin abin. Lokacin sanyi kuwa wata rigimar ce, ka saita shi akan jaket da safe, da rana jiki ya ɗumama ka cire jaket komai ya saki sai an sake saiti. Inda ake buƙatar bel ɗin kariya daga faɗuwa kuma matar nan tace kar wanda ya haɗa biyun sai an tabbatar mata sun dace da juna, don haka a waɗannan wuraren ajiye shi muke.

Sai maganar sallah da bayi, wadda ba wanda ya kawo ta a wajen bayani. Ɗan bayin roba na wajen gini dama da ƙyar mutum ke juyawa a ciki, da ekzo ba zancen shiga. Alwala ma ba zata yiwu ba tunda damtse a ɗaure yake kuma ruku'u da sujada sandunan ba zasu bari ba. Akwai wani Baturke da muke jam'in azahar tare a bayan kwantena, shi ne ya riƙa tsaya min yana dariya yana cewa in yi sauri lokaci na tafiya, ni kuma ina fama da maɗaurai. Daga baya hannu ya saba, cirewa ta zama ta 'yan daƙiƙu, sawa kuma ƙasa da minti ɗaya in dai ba wanda ya taɓa min saiti, na buga ƙusa a jikin katako na riƙa rataye shi.

Akwai wani dattijo ɗan Zangon Kumasi a cikinmu, ya fi shekara ashirin a ƙasar nan, Baba muke ce mai, shi ne ya karɓe ni lokacin da na fara. Ya ƙi ko gwadawa. Nace Baba kai da kafaɗarka ta fi tawa lalacewa ai kai ya kamata a fara ba, ko sau ɗaya ka saka kaji. Yace yaro bari in faɗa maka, ni na ga zuwan injin batir, aka ce mun huta da jan waya, me ya biyo baya, ramin da muke yi a yini ya ƙaru. Yace duk abin da bature ya ba ka don kar ka gaji, ka tambayi wa zai ci ribar rashin gajiyar. Nace Allah ya huci zuciyarka Baba, ni dai barci nake so in yi ta hannun dama. Ya girgiza kai yace Allah ya sa.

Amfanin shi ba da safe ake gani ba. Da safe kowa jarumi ne, da riga da ba riga duk ɗaya. Daga ƙarfe biyu na rana ne zance ke fitowa, lokacin da a da in na ɗaga inji sai naga bakin yana rawa ya kasa tsayawa akan alamar jan fensir ɗin da muka yi, sai na sauke na girgiza hannu na sake, wani lokacin ramin ya karkace anka ya ƙi shiga daidai. Da ekzo sai naga bakin yana sauka akan alama ya tsaya. Sannan aikin da ba na huda ba, irin ɗaure nati a sandunan, jera waya a cikin tire, ɗaure ta da maɗauri, wanda hannu biyu ke sama minti goma sha biyar ba saukewa, nan ne ma ya fi ko ina aiki, zafin nan da ke taruwa a saman kafaɗa har ya gangara wuya bai zuwa, ko in ya zo can kusa da tashi ne. Ranar da na tabbatar da abin a gida ne, 'yata ta rugo da gudu na ɗaga ta sama na cilla na cafe, sai da na sauke ta maman ta tace yau kuma kafaɗar fa, sannan na lura.

Sai dai akwai abin da baya yi kuma ya kamata a faɗa. Danna inji cikin kankare har yanzu kai ne, shi hannunka kawai ya tallafa. Wuya kuma ba ruwanshi da shi, kana nan kai a ɗage kana kallon sama, kuma tunda kafaɗa ta daina ce maka sauke ka huta sai ka daɗe a haka fiye da da, ni dai ƙeyata ta fara ciwon da bata yi a baya. Sai girgizar inji, wadda ita ce ta fi ban tsoro domin ita ke kashe jijiyoyin yatsu har su riƙa yin fari suna mutuwa in sanyi ya taɓa su. Dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta sa iyaka akan wannan, idan aka auna girgizar da hannu ya sha a awa 8 ta kai 2.5 a ma'auninsu dole kamfani ya ɗau mataki, 5 kuma ba'a yarda a wuce ba, kuma babban injin huda ko na fasa yana iya cinye wannan kason tun yini bai yi nisa ba. A da gajiyar kafaɗa ce ke tsayar da mu kafin mu kai can ba tare da mun sani ba. Yanzu an cire mai tsayarwar, yatsu kuma basa ƙorafi da wuri sai abu ya lalace.

Nan maganar Baba ta fara fitowa. Foman ɗinmu ba mugu bane amma shima akwai na sama da shi da ke kallon kalanda, sai aka fara jin ai ku masu riga ku ƙarasa wancan layin, ku bakwa gajiya. Wasa wasa musanyar da muke yi, wanda ya huda da safe ya koma aikin ƙasa da rana, ta fara lalacewa, kullum mu ne a sama. Mun kai maganar wajen matar nan a zaman da ake yi na jin ra'ayi, ta kira shi a gabanmu tace jadawalin musanya na nan yadda yake, riga bata soke shi ba, aka rubuta. Tun daga nan abin ya daidaita, duk da dai in aiki ya matse sai an tuna mai.

Ekzo na biyun da muka gwada shine ainihin mai ɗaukar inji, wannan a wani tsohon gini ne da ake gyarawa inda sai mun fasa bango mun buɗe hanyar manyan wayoyi. Injin fasa kankare na wajen kilo goma sha biyu zaka riƙe a miƙe saitin ƙirji ko sama da haka kana tura shi cikin bango, wanda ya sani ya sani, minti biyar hannu ya mutu. Wannan ekzon daban yake, jaka ce ta goyo mai firam da batir, shi kanshi ya kusa kilo takwas, daga bayanka wani hannun ƙarfe ya taso ya bi ta saman kai ya leƙo gaba, igiya ta sauko daga bakinshi da ƙugiya. Ka ɗaura wa injin wani maɗauri a daidai tsakiyar nauyinshi, ka maƙala, ka danna maɓalli ka saki injin yana lilo na ɗan lokaci motar ciki ta auna nauyin, shikenan sai ta riƙe. Na sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin injin na tura sama ya tafi, na janye yatsa ya tsaya a iska a inda na barshi. Baturken nan sai da yace subhanallah.

Neman tsakiyar nauyin nan shine dabarar, in maɗaurin ya matsa gaba sai bakin inji ya riƙa kallon sama kana kokawa da shi, in ya matsa baya sai ya nutsa, kuma da ka sauya baki ka sa mai tsawo sai ka sake nema. In ka samu daidai kuwa aikin fasawa ya koma saiti da turawa kawai, hannu baya ɗaukar komai. Amma lissafa, takwas da sha biyu ashirin kenan, duk akan ƙugu da gwiwa da tafin ƙafa, kuma nauyin a gabanka yake rataye yana jan ka gaba don haka bayanka na aiki a ɓoye yana riƙe ka. A tsaye waje ɗaya a gaban bango lafiya lau. Tafiya da shi akan ɓaraguzai ko hawa bene kuwa sai a hankali, ƙofa sai ka rusuna saboda hannun da ke saman kai, ɗakin da silin ɗinshi yayi ƙasa ko bututu ya cika ba ya shiga ma sam. Da yamma kafaɗa lafiya, cinyoyi ne da ƙugu ke ba da labari, har wani jan shati bel ɗin ya bar min akan ƙashi. Mu biyu muka riƙa karɓa karɓa da shi, kuma a ganina haka ya kamata.

Da abin ya shiga raina na ɗan bi tarihinshi da daddare. Ashe tun wajen 1965 kamfanin General Electric a Amurka ya fara ƙera wani mai suna Hardiman da niyyar mutum ya ɗaga kilo 680, sai shi kanshi abin ya zo yana da nauyin kusan haka, kuma motsinshi ya ƙi saituwa har ba'a taɓa kunna shi gaba ɗaya da mutum a ciki ba. Dabarar hannun sifirin mai riƙe inji kuma daga wajen masu ɗaukar fim ta fito, Garrett Brown ne ya ƙirƙiro Steadicam a shekarun 1970 don kyamara ta daina rawa in mai ɗauka na tafiya, daga baya aka ce ai abin da ya riƙe kyamara zai riƙe injin gurza ƙarfe. Lockheed Martin sun yi wani mai suna FORTIS wanda sojan ruwan Amurka suka saya a 2014 don gwadawa a wajen gyaran jirage, shi sandunanshi har ƙasa suke sauka ta gefen ƙafafu, inji mai kilo 16 nauyin ya wuce kai tsaye cikin ƙasa, wanda shine amsar ciwon cinyar da nake faɗa, sai dai kuma ka ɗaure ƙafafu da ƙarfe a wajen gini mai tsani da ramuka wani zancen ne. Irin na kafaɗa kuma masu haɗa motoci ne suka fara yaɗa shi, Ford sun raba EksoVest a masana'antunsu 15 a ƙasashe 7 a 2018 saboda masu tsayawa ƙarƙashin mota suna ɗaure nati. Anan Jamus kamfanin Ottobock na garin Duderstadt, wanda aka san shi da ƙafar roba da hannun roba tun 1919, shi ma ya shiga harkar, da shi Hilti suka haɗa kai suka yi nasu na kafaɗa. Wato masu yi wa wanda ya rasa hannu hannu su ne suka dawo suna tallafar hannun mai hannu.

Da gwaji ya ƙare aka raba mana takarda muka cike, ina ya taimaka ina ya dame ka, zaka ci gaba ko a'a. Cikin waɗanda muka fara wasu sun ajiye tun a tsakiya, ɗaya yace zafi, ɗaya yace shi aikinshi hawa da sauka ne rigar bata mai komai sai tsaiko, kuma gaskiyarshi ne, in rabin aikinka a ƙasa yake ba ka buƙatarta. Kamfani ya sayi na kafaɗa guda kaɗan, ɗaya da sunana a jiki saboda na ce bana son karɓa karɓa da abin da ke shan zufa, matasan hannun ana cire su a wanke, duk juma'a nake tafiya da su gida. Mai ɗaukar injin kuma basu saya ba, in aikin fasa ya taso ake hayo shi.

Ƙanena da ke aikin silin na POP a Kaduna da ya ga hoton ya dame ni da saƙo, yaya don Allah in zaka zo ka taho min da ɗaya. Nace mai masu sauƙin kuɗin ma sun haura Yuro 1,000, ka buga da canjin yau ka gani, yayi shiru sannan ya turo min alamar kuka. A gaskiya irin aikinshi ne abin ya fi dacewa da shi, hannu a sama wuni guda kuma kayan ba nauyi, ga shi baya son wuta balle a ce NEPA, abin da zai dame shi zafi ne da garin farar ƙasa da zai riƙa shiga gaɓoɓin. Na dai ce mai kafin nan ya ɗaga dandamalin da yake takawa yadda silin zai matso kusa da kanshi hannu ya daina miƙewa har ƙarshe, wannan kyauta ne.

Yanzu ranar da jadawali ya nuna ina sama nake sakawa, ranar jan waya a ƙasa ko haɗa allon wuta yana rataye a ƙusarshi. Kafaɗar bata warke ba amma ina barci ta dama, motsa jikin masu gashi ina yi in ban manta ba, wuyan kuma an ce akwai wani ɗan matashi da ake ƙarawa a bayan ƙeya, na sa a tambayo min kuɗinshi. Baba har yau bai saka ba, wata shida ya rage mai ya ajiye aiki, yace Kumasi zai koma.